Gwiwoyin Ɗaure-Fuska

Litinin, 3 ga Maris

Na sake faɗuwa. A tsakar gida, gaban kowa, tim! Ba suma na yi ba, ina jin komai, har da mai ɗakina tana cewa a sheƙa min ruwa. Gwiwoyi ne kawai suka ajiye aiki. Ina cewa lafiyata ƙalau, aka sheƙa ɗin.

Alhamis, 6 ga Maris

Surukata ta hana ni ɗaukar jaririyarta. Cikin ladabi dai: "Baba, bari ta tashi daga barci." Yarinya ido biyu tana kallona. Jikata ta fari, tsoro suke kar in zube da ita. Ya yi min ciwo sosai, ban nuna ba.

Talata, 11 ga Maris

Asibiti, wajen likitar ƙwaƙwalwa. Ta ƙwanƙwasa min gwiwa da 'yar guduma, ta sa ni tafiya a kan layi kamar wanda ake zargi da maye. Zuciya lafiya, hoton kai lafiya. Ta tambayi barci, mai ɗakina ta yi caraf ta ce ko a kan keken ɗinki gyangyaɗi nake. Wa ya tambaye ta?

Likita ta ce, "Baba, me ke faruwa dab da faɗuwar?"

Na ce babu komai. Mai ɗakina ta ce akwai dai. Ta farko, ɗanmu ne ya zauna a kujerar da ya gyara da hannunsa, ta watse da shi. Ta biyu, akuya ta biyo maƙwabcinmu da gudu.

"Dariya kuka yi?"

Na ce ni ba na dariya. Duk layin teloli Ɗaure-Fuska suke kirana, kuma da guminna na samu sunan.

Likita ta matsar da ni kusa da katifa, ta ce wa mai ɗakina ta gwada. Baiwar Allah ta miƙe, ta turo ciki, ta kwaikwayi tafiyata ranar da na sa sabon ɗinki. Na danne, na danne. Sai ga ni ina kallon takalmin likita.

Wai ciwo ne ɗan'uwan yawan barci, dariya ke sakar min jiki, ko na ɓoye ta. Za a yi gwajin barci, sannan magani.

Laraba, 12 ga Maris

Gida ya yi tsit. An hana kowa raha a gabana. Ashe da hayaniyarsu nake cin abinci.

Asabar, 22 ga Maris

An fara magani. Aka zaunar da ni a katifa, filo dama da hagu, surukata ta ɗora min yarinyar a cinya. Yarinyar ta yi atishawa, ta tsorata da kanta, ta harare ni kamar ni na yi. Wani sauti ya kuɓuce min, wuyana ya langaɓe. Surukata ta sa hannu ta tallafe ta, amma ba ta ɗauke ta ba.

Mai ɗakina na ta shelar wai na yi dariya. Tari ne.

Na ce gobe ma a kawo ta, ko tarin zai dawo.