Gwaggo da taswirar ambaliya

Laraba da dare, Jega

Har yanzu jikina a sanyaye yake. Yau na kai wa Gwaggo Hajo taswirar da na haɗa a intanet kan ambaliyar da ta ci unguwarsu, don in ga ko wanda bai saba da waya ba zai iya bin labarin. Da ta taɓa, sai tsohon hoton unguwar daga sama ya fito. Nan take ta gane gidanta da rumbunan marigayi Baffa. Ta kai yatsa za ta shafa rufin ɗakinsa, sai shafin ya zame zuwa na gaba, inda ruwa ya shanye komai.

Ta ce, "Abdu, maishe ni gida."

Na rasa abin yi. Ni na tsara labarin ya riƙa tafiya gaba kawai, ban sa maɓallin komawa baya ba. Sai da na sake buɗe shi daga farko.

Da gidan ya dawo, ta naɗe hannuwanta cikin mayafi, ta ce, "Riƙe mini kai, kar in sake taɓawa."