Dutsen Niƙan Baba

Jabanyana, 4 ga Disamba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya idon? Ina fata likitocin Tunis sun cire bandejin, kuma Goggo Zuhra ba ta ishe ka da surutu ba. Mu nan lafiya lau, in ka ɗauke ƙanena Munsif.

Baba, ɗan nan naka zai kashe ni da takaici. Kwana uku da tafiyarka ya sauya wa injin dutsen niƙa ƙafar da ke juya dutsen, wai dutsen yana tafiya kamar raƙumin da bai karya ba. Yanzu gudunsa ya ninka. Buhunan zaitun na mutanen gari sun cika wurin matsar man, shi kuwa sai cika baki yake, a mako ɗaya zai gama aikinka na wata. Har cewa ya yi tsayar da dutse da kake yi ka sha shayi lalacin tsufa ne. Na ce masa jira kake niƙan ya huce, shi ya sa kake tsoma gwiwar hannu a ciki. Ya ce in ajiye karatuna a aji.

Shekara tara ina koya wa 'yan sakandare wannan abu: duk abin da ke juyawa yana gogayya, ƙarfin da gogayya ta ci zafi yake zama, zafi kuma in ya bazu ba ya taruwa ya koma juyi. 'Ya'yan mutane sun gane, na gidanmu ya ƙi. Sunanka nake ji wa tsoro, don saboda shi ake kawo mana zaitun.

Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarka,
Nazha

Jabanyana, 11 ga Disamba

Babana,

Ina gaishe ka, ya ƙarfin jiki? A gaida Goggo.

Abin ya faru. Shekaranjiya maƙwabcinmu Ammi Lazhar ya zo karɓar mansa, amfanin gonarsa na shekara ɗungurungum. Ya gutsuri burodi ya dangwala a sabon man kamar kullum, ya daɗe yana taunawa. Babu ƙamshi, babu ɗan yajin nan mai kama maƙogwaro. Abin da ya ce kawai shi ne, "Babanku Hadi bai taɓa dafa mini zaitun ba." Ya ɗauki jarkokinsa ya tafi. Kafin la'asar gida huɗu sun kwashe buhunansu.

Ka san me Munsif ya tambaye ni? Wai in an sa man a firiji ƙamshin zai dawo? Na ce ya je ya raba madara da shayi tukuna. Ya mayar da tsohuwar ƙafar, amma aikin gama ya gama.

Saura abin da ya fi ba ni haushi, wanda na ɓoye maka a wasiƙar farko. Ni na lissafa masa girman ƙafar nan, a bayan takardar jarrabawa. Na lissafa gudu, na tsallake zafi, na ce ai ɗan kaɗan ne. Sai da na ga niƙan yana tururi na fara yi masa wa'azi. Shi kuma duk faɗan da ya sha a gari bai ambaci sunana ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Ammi Lazhar zai zo duba ka ranar Juma'a. Na san zai ce laifin Munsif ne. Kada ka yarda, ka nuna masa wannan takarda.

Ka yafe mini.

'Yarka,
Nazha