Gemun da Ban Aske Ba

Sri Petaling, Kuala Lumpur

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, yaya ƙarfin jiki, yaya ƙarin haƙurinmu? Ki gaida mini 'yar'uwata Rufaida, ki ce mata yajin da ta aiko ya iso.

Lafiyata ƙalau, karatu ma alhamdu lillahi. Barci ne dai bai cika zuwa ba tun rasuwar Baba, amma kada wannan ya dame ki.

Kin yi mini maganar gemun da kika gani a hoto. Umma, ba ustazanci ba ne. Ƙungiyarmu ta hoki, wasan nan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara, bana aka kafa ta. Farkon kakar wasa sau biyar a jere muka sha kashi, har dariya ake mana. Daga baya Allah ya dafa mana, muka kai zagayen sili ɗaya ƙwale. Al'adar 'yan wasan ce, in an shiga wannan zagaye ba mai aske gemu sai ranar da aka fitar da su.

Ranar Asabar aka fitar da mu. Abokaina duk sun aske nasu. Ni ma na ɗauki reza na tsaya gaban madubi, sai na ga Baba yana kallona, ashe da gemun nan kamanninsa na ɗauko sak. Ban samu jana'izarsa ba, Umma, ban yi masa kallon ƙarshe ba. Na ajiye rezar.

Ki sa ni a addu'a. In na zo hutu, kada ki firgita a bakin ƙofa.

Ɗanki,
Zahraddeen