Hannun Baba a Kan Tebur

Walkley, Sheffield
Watan Maris

Zuwa ga yayata Leanne,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Marcel da duk mutanen gidansu. Allah ya ƙara lafiya, ya sa sanyin Kanada ya sassauta muku a can Winnipeg, ya kuma nuna mana ranar bikinku muna masu rai. Mu nan kowa ƙalau, sai godiya. An yi wa Gwaggo Maureen aikin ɗaya gwiwar, ta kuwa miƙe garau, har ta koma faɗanta da direbobin bas. Ni ina nan a sito ina ɗaga kwalaye da safe, da yamma in ruga ɗakin karatu kafin su kulle. Sun sake rage ranakun buɗewa, amma kar ki tsokano ni a kan wannan, don takardar ba za ta ishe mu ba. Ruwan sama dai kamar yadda kika bar shi.

Na zaɓi in rubuto miki maimakon in buga waya, saboda na san halinmu. Ke ki katse ni, ni in ɗaga murya, mu rabu ba wanda ya ji ɗan'uwansa. Maganar Baba ce. Ya gaya miki ba zai zo bikinki ba don yana tsoron jirgin sama, ke kuma kika yi fushi kika daina kiransa ranar Lahadi. To Yaya, ba jirgi ba ne. Hannunsa ne. Rawar da kika ɗan lura da ita zuwanki na ƙarshe ta ƙaru sosai, musamman a na dama. Ranar Kirsimeti a gidan Gwaggo ya ɗebo koren wake da cokali mai yatsu, kafin ya kai baki waken ya watse a tebur, jikokinta suka yi dariya irin ta yara, ba da mugunta ba. Tun daga ranar ban sake ganinsa yana cin abinci ba. A tsaye yake ci a kicin, ƙofa a rufe, ni ina falo ina jiyo cokali yana ƙwanƙwasa faranti. Ki tuna wannan mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'anta yana goge wuƙaƙe da cokula don teburan wasu. Gwaggo ce ya gaya wa gaskiya. Ya ce ba zai zauna a babban tebur a matsayin uban amarya ba, romo yana bin gaban rigarsa a idon surukai. Wai gara ki yi fushi da shi da ki ji kunyarsa.

Ana cikin haka Gwaggo ta cika shekara saba'in, ta ce ba ta son taro, mu uku kawai take so, ita da ƙaninta da ni. Ta kama mana tebur ranar Lahadi da rana a ɗaya daga cikin sababbin gidajen cin abincin nan na Kelham, bakin kogi. Kin san ra'ayina a kansu. Na karanta tarihin unguwar nan kaf, na san yadda ƙurar dutsen wasa wuƙaƙe ta cinye huhun mazanta tun ba su yi furfura ba, yau kuma ga wasu sun zo sun rataya tsofaffin kayan aikin a bango suna cin karas a ƙarƙashinsu. Na ce wa Gwaggo ni ba zan taka wurin ba. Ta ce wa ya tambaye ni, ɗan baƙin rai, in sa riga mai wuya in kuma aske gemun nan da ya yi kama da burushin wanke tukunya. Shi kuwa Baba da ya fara kawo uzuri, sai ta ce masa tun yana cikin zanin goyo take share masa majina, babu abin da zai zubar a gabanta da ba ta taɓa gogewa ba. Ta ƙara da cewa in bai zo ba, ita ma a gida za ta zauna ta ci burodi da shayi ranar haihuwarta, alhakin kuma a wuyansa. Haka ya sa kwat ɗinsa ya biyo mu, fuska a murtuke.

Wurin kamar yadda na zata. Jan bulo tsirara babu fenti, ƙwayayen fitila suna reto a kan waya, kujerun kuwa irin na makarantarmu ta firamare ne, waɗanda aka zubar. An shimfiɗa takarda mai ruwan ƙasa a kan kowane tebur a maimakon ƙyalle. Na raɗa wa Gwaggo cewa abin da kakarmu ta yi ta fama tana ɓoyewa don kar a ce mata matalauciya, shi ne yanzu ado. Ta ce in rufe mata baki. Wata yarinya mai suna Imogen ce ke kula da teburinmu, ba za ta wuce sa'ata ba, fara'arta har ta yi mini yawa. Ta bayyana mana cewa a nan ba a ba kowa farantinsa, abinci a tsakiya ake ajiyewa kowa ya ɗiba, kuma abin da ya riga nuna shi ke fara fitowa. Na tambaye ta ko mu ma za mu shiga kicin mu taya su wanke-wanke ne, tunda komai na tarayya ne. Ta yi dariya, ta ce in ina so akwai gurbi. Baba dai ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin tebur, ya ce shi ya ci abinci kafin ya fito, ruwa kawai zai sha. Ko ruwan bai taɓa ba.

Abin da aka fara kawowa burodi ne mai ɗumi da kitsen naman sa da aka buga ya yi laushi, an barbaɗa gishiri. Gwaggo ta kalla, ta kalli Baba, sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ta kira shi da sunansa, ta ce Clive, ka ga abincin ranar Alhamis, wanda uwarmu ke shafa mana in albashi ya ƙare kafin mako ya ƙare, ga shi an yi masa wanka an ɗora shi a kan katako. Baba ya ɗan murmusa, ya ce na uwarsu ya fi wannan duhu. Ta ce ya ɗanɗana kafin ya yi sharri. Ya ce ya ƙoshi. Aka kawo kabeji da aka ƙona da gangan, na ce a gidanmu in ka yi haka sai ka ba da haƙuri. Na ci kuwa, kuma ba zan ɓoye miki ba, da daɗi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ni da Gwaggo muna ci, shi yana kallon kogi ta taga.

Daga nan ne na yi abin da na yi. Imogen ta dawo da kwano na ruwan ɗumi da ƙananan tawul, ta ajiye, sannan ta miƙa hannu ta kwashe wuƙa da cokali mai yatsu na gaban Baba, tana cewa ba za a buƙace su ba. Yaya, jinina ya hau nan take. Na ɗauka ta hango hannunsa ne tana tausaya masa, kamar yaron da ake ɓoye wa wuƙa. Na miƙe tsaye na ce ta mayar masa da kayansa. Na ce mutumin nan da take gani ya goge cokula fiye da yawan gashin kanta tun ba a haife ta ba, kuma don hannunsa yana rawa ba shi ne zai sa a mai da shi jariri a bainar jama'a ba. Da ƙarfi na faɗa. Kowa a ɗakin ya juyo, kuma ba ni suke kallo ba, Baba suke kallo. Sai a lokacin na lura nawa cokulan da na Gwaggo ma suna hannunta, ta riga ta kwashe su ban gani ba. Na waiga, a teburin da ke kusa da mu wani mai taye ne ya naɗe hannun riga, maiƙo har wuyan hannunsa, yana gwaguyar ƙashi. Haƙarƙarin rago ne ke tafe, kuma a wannan gida kowa da hannu yake cinsa. Garin gyaran gira na tsone ido. Abin da Baba ya yi wata uku yana ɓoyewa, ni ɗansa na yi shelarsa.

Yarinyar ta yi jawur, idonta ya kawo ruwa, tana ta ba da haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba, tana ƙoƙarin mayar da cokulan. Ni na tabbata Baba tashi zai yi ya fita, kuma da ya fita, maganar bikinki ta mutu ke nan. Sai na ji muryarsa a hankali, irin wadda yake yi mana in mun yi rashin kunya a gaban baƙi. Ya ce in zauna, sarkin surutu. Ya juya ga Imogen ya ce 'yar nan ki tafi da su, kin yi daidai, ki yafe wa yaron nan, littattafai ne suka yi masa yawa a ciki ba su narke ba. Ya ce ta kawo naman. Da ta kawo ta ajiye, sai ya fito da hannunsa na dama daga ƙarƙashin tebur, yana rawa kowa na gani, ya ɗauki haƙarƙari guda ya kai baki. Ba yunwa ce ta sa shi ba, na sani. Don yarinyar ta daina kuka ya yi, don kuma ya wanke abin da na shafa mana. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce mata a gaya wa mai dafawa ya iya.

To ashe ƙashi ba ya zamewa kamar wake. Ya ɗauki na biyu ba wanda ya roƙe shi. Ya yagi burodi ya dangwali kitsen nan da ya ƙi ɗazu, ya ce har yanzu na uwarsu ya fi, amma a miƙo masa sauran. Miya ta ɗiga a takardar tebur, Gwaggo ta nuna masa gabanta, wanda ya fi nasa ɓaci, ta ce ita da hannunta lafiya lau ga abin da ta yi. Mutanen da suka juyo ɗazu duk sun koma kan ƙasusuwansu, kowa bakinsa na ƙyalli, ba mai lokacin kallon wani. Ruwan sha a cikin wani tambulan mai kauri suke ba da shi, ya kama da hannu biyu ya sha, kaɗan ya zuba a kwat, ya goge da tawul ya ci gaba da ba Gwaggo labarin wani maƙwabcinsu na da. Ba zan ce miki komai ya warware ba. Da aka kawo tuffa da kastad da ƙananan cokula, ya kalle su ya ce ya ƙoshi, hannun ya koma ƙarƙashin tebur. Ba wanda ya matsa masa. Kafin mu fita na je na sami Imogen na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, gurbin wanke-wanken dai yana nan.

Gwaggo ta hau tasi saboda gwiwa, ni da shi muka taka ta bakin kogi. Ina ta shirya yadda zan ba shi haƙuri, sai ya riga ni, ya ce bakina zai yanka mini wuya wata rana, kuma halin mahaifiyarmu na ɗauko, ita ma haka take kare mutum har sai ta ji masa ciwo. Muka ci gaba da tafiya. Da muka zo gada sai ya tsaya kamar mai duba ruwa, ya tambaye ni, kamar abin bai dame shi ba, wai me mutanen Kanada ke ci a wurin biki. Na ce ban sani ba. Ya ce in tambaye ki. Ya ce in babu romo, in kuma akwai abin da mutum zai kama da hannunsa kamar yadda kowa a wurin zai kama, to shi bai ga abin da zai hana shi raka 'yarsa ba. Jawabin uban amarya zai yi da bakinsa, ni kuma in tsaya kusa da shi in ɗaga masa kofi lokacin yi wa ango da amarya fatan alheri, da sharaɗin ba zan buɗe nawa bakin ba.

Don haka ga roƙona, Yaya. Ki zauna da Marcel da mahaifiyarsa ku sake duba abincin bikin. Ba na Baba kaɗai za a canja ba, don in ya ga an ware shi, wallahi ba zai taɓa ba. Na kowa za a canja, a zuba a tsakiya, kowa ya sa hannu, har da masu taye. Na san an riga an tsara komai kuma surukarki mai son tsari ce, amma ke kin fi ni iya lallashi. Sannan ki kira shi ranar Lahadi kamar da. Kar ki yi masa kuka, kar ki ce masa sannu, kar kuma ki ambaci hannu. Ki gaya masa abin da za a ci kawai, zai gane. Har yanzu yawancin kwanaki a kicin yake ci, amma shekaranjiya ya bar ƙofar a buɗe, jiya kuma ya sa na raka shi an ɗauke shi hoton fasfo.

Ki gaida Marcel, ki ce masa ina nan zuwa in ga ko ya cancanta. Ki gaida mahaifiyarsa Odile da kyau, da ƙanwarsa Sylvie, da Kawu Stuart in ya leƙo daga Toronto. Gwaggo Maureen tana gaishe ki, ta ce a ajiye mata kujera kusa da nama. Baba bai san na rubuta duk wannan ba, ya dai ce in tambayi abinci. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki mai bakin da ba ya jin birki,
Curtis