Ƙasar Leda Biyar

Sakkwato, 20 ga Satumba, 2021

Yaya Muntari,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da matarka Lubabatu da 'yarku Mubina. Tunda an rufe layin waya a Zamfara, sai dai takarda ta hannun Jibo direba.

Ledojin ƙasa goma sha biyu da ka ɗebo mini don bincikena sun iso, na gode. Na auna su a ɗakin gwaji. Na Gummi da na Bukkuyum lafiya lau. Amma biyar ɗin da ka rubuta a kansu cewa daga Zugu suke sun tayar mini da hankali. Gubar dalmar da ke cikinsu ta kai irin wadda ta kashe yara a Dareta lokacin haƙar zinari. Sau uku ina maimaita awon, ko na'ura ce ta ruɗe ni, amsa ɗaya take ba ni.

Gidajen wa da wa ka shiga? Akwai ƙananan yara a ciki? Ka ba Jibo amsa kafin ya juyo.

Ƙanwarka,
Surayya

Anka, 23 ga Satumba

Malama Surayya 'yar boko,

Wa alaikis salam. Kowa lafiya, Inna tana sa miki albarka. To ke da za ki zama dokta a kan ƙasa, ashe ƙasar ma tsoro take ba ki? Ni dai na ce a duba na'urar nan, ƙila zafi ya taɓa ta. Sunayen masu gidajen kuwa sun kwanta mini, ba na riƙe suna, kin sani.

Mubina ta fara rarrafe, ba ta barin komai a ƙasa sai ta kai baki. Kwana biyun nan tana ɗan amai da ƙin nono, Inna ta ce haƙora ne.

Kada ki sa kowa ya nufi Zugu, hanyar ba kyau. Ki bar maganar har abubuwa su lafa.

Yayanki,
Muntari

Sakkwato, 26 ga Satumba

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ba wasa nake ba, kuma raina ya ɓaci. Na'ura lafiyarta ƙalau. Na sake duba ledojin nan, launinsu ɗaya, laushinsu ɗaya, awonsu ɗaya. Gida biyar ba sa zama haka. Daga wuri guda aka kankaro su, kuma har da ɓurɓushin makuba a ciki, ka ga ƙasar daɓen ɗaki ce.

Malamina ya riga ya yi magana da ma'aikatan lafiya biyu, ranar Alhamis za su hau babur zuwa Zugu neman ɗakin. Idan wani abu ya same su a hanya, ni da kai ne. Idan kuma akwai yaron da ke kwana a ɗakin nan, duk kwanan da ka ƙara kana yi mini raha, gubar tana ƙara shiga jininsa.

Don Allah, don darajar Inna, a ina ka ɗebo?

Surayya

Anka, 28 ga Satumba

Surayya,

Salam. Ki tsayar da mutanen nan, ban je Zugu ba.

Na kai Bukkuyum, masu babura suka ce an tare hanya tun safe, ba wanda zai ɗauke ni. Na juyo. Kunya ta hana ni aiko miki da leda biyar babu komai, bayan na cika baki a gaban Inna cewa ba inda ba na shiga. Na ce a raina ƙasa ai ƙasa ce. Sai na sa wuƙa na kankari daɓen ɗakin Lubabatu, ta bayan gado.

Daɓen sabo ne, Inna ta yi shi da hannunta kafin haihuwar Mubina. Yau na tambaye ta inda aka samo ƙasar. Ta ce a tsohon ramin bayan gari inda ake wankin zinari a da, domin ta fi kowace laushi, ba tsakuwa, ba ta tsagewa. Da na karanta mata takardarki sai ta ce, "Ɗiya nawa na raina bisa daɓe, mi as same su?" Amma sai ta tashi ta ɗauke Mubina daga ƙasa.

Surayya, jiya Mubina ta sanƙare, idonta ya juye, sai da muka yayyafa mata ruwa. Ina jin tsoro. Ki gaya mini abin da zan yi, ki zage ni daga baya.

Muntari

Sakkwato, 29 ga Satumba

Yaya,

Na roƙi Jibo ya juya yau ba tare da ya jira fasinja ba. Kana gama karantawa ka ɗauki Mubina zuwa asibiti, ka ce a auna dalma a jininta, ka nuna musu takardar awon da na haɗo. Lubabatu ma a auna ta. Ku kulle ɗakin. Kada a share shi, kada a fasa daɓen, ƙurarsa ta fi komai illa. Ma'aikatan sun fasa tafiya.

Kada ka yi wa Inna faɗa. Da wata ƙasar ka kankaro mini, da har yau haƙora muke cewa.

Allah ya ba ta lafiya.
Surayya

Anka, 4 ga Oktoba

Ƙanwata,

Salam. Muna asibiti, yau kwana biyar. Sun sami dalmar, sun fara ba ta magani. Da safen nan ta kama nono.

Na tambayi likita ko shi ke nan ta warke. Ya ce rai dai da yardar Allah an tsere da shi, amma abin da gubar ta taɓa a kanta ba zai sani ba sai lokacin da ya kamata ta fara magana. Inna tana zaune bakin gadon tun ranar, ba ta cin abinci, sai kiran sunan Mubina take yi a hankali ko za ta waiwayo.

Har yanzu ba ta waiwayo ba. Ki sa mu a addu'a.

Yayanki,
Muntari