Tutar Rami na Sha Huɗu

Portrush, watan Mayu

Zuwa ga ƙanena Norman,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Beth da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Kanada. Mu nan ƙalau muke. Maigidana Trevor yana nan da ciwon gwiwarsa, wanda coci kawai yake hana shi zuwa, bai taɓa hana shi zuwa filin golf ba. Baba yana cin abinci sosai, jiki da ƙarfi, sai dai mantuwar tsufan nan kullum gaba take yi. Wani lokaci da sunan Mama yake kirana.

Rubutu na zaɓa don in waya ce kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba. Maganar kai Baba gidan tsofaffi ce, wadda na dame ka da ita. Ka san makon tseren babura ne, an rufe titin bakin teku, gari ya cika maƙil. Tun muna yara Baba ne mai tuta a kwanar bayan filin golf, har tsufa ya sa aka hutar da shi, amma har yau da ya ji kukan inji sai ya hau neman rigar aikinsa. Don kada ya fice mana, ranar Asabar na tafi da shi cin abincin rana a kulob ɗin golf, inda ake maganar ba Trevor shugabanci. Na ɗaura masa taye a wuya, na zaunar da shi, na juya ina hira da matan manya. Ni a ganina dabara na yi, ashe an gudu ba a tsira ba.

Ko da na waiwaya, kujera ba kowa. Ta taga muka hango shi ya ratsa fili, ya tsige tutar da ke kafe a ramin golf na sha huɗu, mai ruwan ɗorawa, ya nufi shingen titi. A tsere kuwa wannan launi na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu. Haka ya tsaya ƙyam yana kaɗa ta, ga shi zagayen ƙarshe ne, kuma Gareth ɗan Moira mai sayar da kifi ne a gaba, karo na farko a rayuwarsa. Yaron ya sassauta, mutum biyu suka wuce shi fuu.

Norman, kunyar abin da na yi ta ishe ni. Na ruga na fizge tutar, na daka masa tsawa a gaban jama'a, na ce ya ishe ni, ya zubar mana da mutunci, gobe-goben nan sai gidan tsofaffi. Ya dube ni ya ce, yi haƙuri 'yan mata, aiki nake yi. Bai ma gane ni ba. Ni kuwa na juya ina ta ba 'yan golf haƙuri, shi ko hannunsa ban riƙe ba.

Ranar Lahadi sai ga Gareth a ƙofa. Na ɗauka zagi ya kawo, ashe kifi ne. Ya zauna ya sha shayi, yana dariya wai ai shi ya ga lambar sha huɗu ɓaro-ɓaro a jikin tutar, ya san ta golf ce. Na ce to me ya kai shi rage gudu? Ya ce haba Anti Wilma, tun yana koyo mahaifinsa ya ja masa kunne cewa in Baba Wesley ya ɗaga ko tsumman goge tukunya ne, a rage gudu, don tutarsa ce ta taɓa hana uban afkawa kan babur da ya faɗi a kwanar nan. Kofin tseren kuwa, wai baɗi ma rana ce. Ana cikin haka Baba ya ɗago kai ya tambaye shi, yaro, duk sun koma gida lafiya? Ya ce duka, Baba, ko ɗaya bai faɗi ba. Baba ya ce madalla, ya ci gaba da cin biskit ɗinsa. Ɗan mutane ya bar kofi saboda Baba, ni 'yar cikinsa na kasa barin hira.

Jiya gidan tsofaffi suka kira wai ɗaki ya samu, na ce su ba wani. Na san da wahala a gaba, amma mahaƙurci mawadaci. Maganar shugabancin Trevor ta yi shiru, shi kuwa sai ya karɓo tutar daga kulob ya jingine ta a gefen kujerar Baba.

Ka gaishe mini da Beth, da Isla da Rory. Gwaggo Noeleen tana gaishe ku. In ka kira ranar Lahadi, don Allah kada ka ɗaga wa Baba maganar. Shi a saninsa aiki ya je, kuma kowa ya koma gida.

Yayarka mai ƙaunarka,
Wilma