Ba Basir Ba Ne, Darnell

Dayton, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗana Darnell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga sanyin Alaska da ruwan da kake aiki a kansa. Mu nan muna yadda ka bar mu ranar jana'iza. Ƙafar babanka ta yi sauƙi, har ya koma yi wa maƙwabta faɗa a kan ajiye mota. Ni kuwa ina cin abinci don an ce in ci. Yau kwana arba'in da uku da binne Lamont, amma duk Lahadi in an taso coci sai na duba waya, ko zai kira ya tambaya na ajiye masa burodin masara.

Maganar da zan yi ba irin wadda gwaggo ke yi da ɗan ƙaninta ba ce, ka yi haƙuri da ni. A coci mun ce ciwon daji ne ya ɗauki ɗan'uwanka, ba mu faɗi ko na ina ba. Na dubura ne, Darnell. Wata goma sha huɗu yana ganin jini yana cewa basir ne, har yana yi mini wasa wai basir da sanƙo ne kaɗai gadon da kakanku Orville ya bar masa. Da ya je asibiti aka ba shi takarda ya cike, wurin da aka tambayi wa yake zaune da shi ya rubuta abokin haya. Likita ya ga direban babbar mota mai yini a zaune, ya rubuta masa man shafawa ya sallame shi, ko duba wurin bai yi ba. Wannan suna na abokin haya ni na raɗa wa Rogelio, mutumin da Lamont yake zaune da shi. Shekara goma sha biyu ina nuna shi ga matan coci da haka, alhali na san gado ɗaya suke kwana. Ɗana ya koyi ƙaryar a bakina ya kai ta gaban likita. Da na sani ƙeya ce.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ranar jana'iza na ga kana zama a kan benci da gefe ɗaya. Bayan ka tafi kuma na tsinci irin man nan a banɗakin baƙi. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma wannan kwalin ko a cikin duhu zan gane shi. Mai yiwuwa naka basir ɗin ne na gaske, Allah ya sa haka. Amma ba kai za ka yanke wannan hukunci ba.

Akwai wata nas, Philippa, da ta kula da Lamont a ƙarshe. Na cire kunya na tambaye ta komai. Ta ce yawanci wata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka wajen kwanciya take kawo shi, mata ma suna samu, kuma akwai allurar rigakafinta, ka tambaya ko shekarunka ba su wuce ba. Ta ce in an gano shi da wuri ana warkewa sosai. Ta ce mai saduwa ta baya ya gaya wa likita a fili don ya san inda zai duba, in likitan ya ɓata rai a canza wani. Ta ce kwaroron roba da man santsi mai yawa ba abin kunya ba ne, kuma zafi ba abin daurewa ba ne, in ya zo a tsaya. Da ta ga na sunkuyar da kai ta yi dariya, ta ce Mama, wurin nan kowa na da shi, har fasto.

Abin da ya fi ci mini rai daga bakin Rogelio na ji shi, muna naɗe rigunan Lamont. Ya ce ashe watanni ɗan'uwanka yana cije leɓe in sun kwanta, bai taɓa faɗa ba, wai kada a gaji da shi. Rogelio ya yi ta kuka yana cewa da ya sani ko riƙe hannu kawai ya ishe shi har tsufa. Don haka kafin likita ma, ka fara gaya wa abokin zamanka Hollis. Kada ka bar shi da irin kayan da aka bar wa bawan Allahn nan.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban gaya wa babanka ba, ba kuma zan gaya masa ba. Ba sai ka ba ni labarin abin da likita ya ce ba in ba ka so. Ka dai aiko mini da ranar ganin likita da aka ba ka, in rubuta a kalandar kicin. Ba ni da ƙarfin sake zaɓen waƙoƙin jana'iza, ɗana.

Ka gaishe da Hollis ƙwarai, ka ce barguna biyun da na saƙa suna hanya. Ka gaishe da Gwaggo Ernestine in ka leƙa Juneau. Babanka da Shondra da Rogelio duk suna gaishe ka.

Gwaggonka mai jiran amsa,
Vernetta